Neman harafin Sinanci ko Japananci a ƙamus idan ba ka san yadda ake furta shi ba

Tambaya: Malam, wata huɗu ke nan da na fara koyon Sinanci saboda ina sa ran zuwa Guangzhou saro kaya, ƙanwata kuma Japananci take koyo. Idan muka ga harafi a jikin kwali ko a littafi, ba mu san furucinsa ba, ta ina za mu nemo shi a ƙamus? Wani ya ce sai mun haddace wasu gaɓoɓi 214. Gaskiya ne? Kuma wane ƙamus ya fi?

Amsa: Ƙanena, ajiye wannan jerin 214 tukuna, kada ka kashe watanninka a kansa. Wanda ya ba ka shawarar bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya cakuɗa maka ayyuka biyu waɗanda kayan aikinsu daban ne. Akwai nemo harafi, wato ka gan shi a jikin kwali kana son sanin sunansa da ma'anarsa yanzu-yanzu. Akwai kuma gane yadda aka gina shi, don idan kuka sake haɗuwa gobe ba sai ka koma ƙamus ba. Jerin 214 don aikin farko aka yi shi, tun zamanin da takarda kaɗai ake da ita, kuma yau waya ta ɗauke mafi yawan wannan nauyi. Aiki na biyu shi ne mai tsoka, shi ne kuma masu koyo suka fi sakaci da shi.

Idan ka taɓa zama gaban malamin Larabci, abin ba zai zame maka baƙo ba. Ba a neman maktaba a babin mim, sai an tuɓe mata kaya an koma ga tushenta, kaf da ta da ba. Ƙamusun Fairuzabadi ma, wanda daga sunan littafin kalmar ƙamus ta samo asali, da harafin ƙarshe na tushen yake fara jera kalmomi, wanda bai san wannan ba sai ya wuni yana juya shafi. Sinawa sun gamu da irin wannan matsala, tasu ma ta fi tsanani, don rubutunsu ba shi da a, ba, ca da za a jera. Dabarar da suka yi ita ce, a kowane harafi sai a zaɓi gaɓa ɗaya a ce a gidanta zai zauna. Wannan gaɓa ita ce 部首, Sinawa su ce bùshǒu, Japanawa su ce bushu, ma'anarta kan sashe.

Wanda ya fara wannan tsari shi ne Xu Shen, a ƙamusunsa Shuowen Jiezi da ya kammala wajen shekara ta 100 miladiyya. Ya raba haruffa 9,353 a gidaje 540. A 1615 Mei Yingzuo ya rage gidajen zuwa 214, ya jera su bisa yawan zanen alƙalami, daga mai zane ɗaya har zuwa mai 17. Ƙamusun Kangxi da ya fito a 1716 bisa umarnin sarki Kangxi, mai haruffa kimanin 47,000, ya ɗauki wannan jeri, shi ya sa har yau ake kiransa da sunan Kangxi. Ka ga ke nan lambar 214 tsarin ma'ajiya ne na wani zamani. Ƙamusun ƙasar Sin na yau ma sun fi aiki da 201. Gidajen kuma ba girmansu ɗaya ba: gidan ciyawa a Kangxi yana da haruffa kusan 1,900, na ruwa kusan 1,600, amma can ƙarshen jerin akwai irin su 龠, wata tsohuwar sarewa, da 鬯, giyar tsafi, waɗanda za ka shekara goma kana ciniki a Guangzhou ba ka yi ido biyu da su ba. Hamsin ko sittin da suka fi yawo sun ishe ka, kuma a cikin haruffan da kake koyo za ka tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda ake yi a ƙamusun takarda, don ya kamata ka iya ko sau ɗaya. Ɗauki 海, teku. A hagu akwai ɗigo uku, 氵, alamar ruwa. Ka je gidan ruwa, ka ƙirga zanen abin da ya rage a dama, ka bi jerin masu wannan adadi har ka gan shi. A baki da sauƙi. Tarkon farko shi ne gaɓoɓin suna sauya kama idan aka matse su a gefe. Ruwa 水 ya zama 氵, zuciya 心 ta zama 忄, hannu 手 ya zama 扌, wuta 火 ta koma ɗigo huɗu 灬 a ƙasa, wuƙa 刀 ta zama 刂. A tsofaffin ƙamus, 氵 mai zane uku sai ka neme shi cikin masu zane huɗu, don da cikakkiyar surarsa aka ajiye shi. Akwai kuma tagwaye masu ruɗa mutum. Alamar 阝 idan tana hagu tudu take nufi, kamar a 院, idan tana dama gari ne, kamar a 都, kuma gidajensu daban. Abin da ka gani kamar wata 月 a jikin 肝 hanta, 胸 ƙirji, 腹 ciki, asalinsa nama ne 肉, shi ya sa sunayen sassan jiki suka taru a can. Abin da ya yi kama da sarki 王 a gefen 球 da 理 kuwa dutse ne mai daraja, 玉.

Ni kaina lokacin da nake ɗalibi, kafin wayar shafa ta zo, na taɓa cin kusan awa ɗaya a kan harafi guda, 聞. Na ga ƙofa 門 ƙatuwa ta kewaye shi, na ce ai wannan ba sai an tambaya ba. Na bi gidan ƙofa daga sama har ƙasa, na sake ƙirga zanen, na ƙara ɗaya, na rage ɗaya, babu shi. Shayin da na haɗa har ya huce. Ashe a gidan kunne 耳 yake zaune, ɗan abin da ke maƙale a tsakiyar ƙofar. Ɗan'uwansa 問 kuma yana gidan baki 口, amma 間 da 開 suna gidan ƙofa yadda ido zai zata. A ranar haushi na ji. Daga baya na gane cewa a wannan awa na koyi abin da ya fi duk darasin makon.

Dalilin shi ne, 聞 ji yake nufi, don haka kunne ne ke ɗauke da ma'ana. 問 tambaya ce, baki ne ke ɗauke da ita. Ƙofar fa, me take yi a wurin? Sauti take bayarwa. Ƙofa a Sinanci mén, ji wén, tambaya wèn. A Japananci abin ya fi fitowa fili: ƙofa mon, tambaya mon, ji kuma bun ko mon. Haka aka gina mafi yawan haruffan, kimanin takwas cikin goma: gaɓa ɗaya tana nuna fagen ma'ana, ɗaya tana nuna furuci. Labarin da ake fara ba wa ɗalibai, cewa kowane harafi hoto ne, mutum 亻 ya jingina da bishiya 木 ya ba da hutu 休, bishiya biyu 林 kurmi, uku 森 daji, gaskiya ne amma a kan 'yan tsiraru. Wanda ya tafi da wannan tunani zai yi ta ƙirƙirar tatsuniya a kan me ya haɗa kunne da ƙofa, alhali amsar tana bakinsa.

Dubi dangin 青, qīng. Sa masa ruwa, 清 qīng, garau. Sa masa rana, 晴 qíng, sama ta washe. Sa masa zuciya, 情 qíng, abin da ke cikin rai. Sa masa magana, 请 qǐng, roƙo ko don Allah, kalmar da za ka ji sau ɗari a rana a kasuwa. Sa masa ido, 睛 jīng, ƙwayar ido. Haruffa biyar ke nan a kuɗin ɗaya. Karin sautin ne ke bambanta wasunsu, kuma wannan bai kamata ya firgita Bahaushe ba, mu da muke raba wuya na jiki da wuya ta wahala ba tare da mun yi tunani ba. Ƙanwarka ma ta samu rabonta, don 青 da 清 da 晴 da 精 da 請 duk sei ake karanta su a furucin da Japanawa suka aro daga Sin, wanda suke kira on'yomi. Furucinsu na gida, kun'yomi, shi kam gaɓar sauti ba ta san da shi ba, sai hadda.

Kada dai ka ɗauka doka ce mai ƙarfe. Haruffan sun girmi furucin yau da shekaru dubu biyu zuwa uku, harshe kuma ya yi tafiya. 工 gōng ya ba da 功 gōng, amma ya ba da 红 hóng da 江 jiāng. 猜, cinka, yana ɗauke da 青 ɗin nan amma cāi ake cewa. Abin sha'awa, wani lokaci Japananci ya fi riƙe tsohon zumuncin, don 工 da 功 da 紅 da 江 duk kō ne a can. Ka ɗauki gaɓar sauti kamar kamannin dangi: ta kan sa ka ce wannan ɗan gidan wane ne, kuma sau da yawa ka dace.

Yanzu kayan aiki. Don nemo harafi a Sinanci, sauke manhajar Pleco, kada ka tsaya neman wata. Michael Love ne ya fara ta tun a kan ƙananan na'urorin Palm, kuma har yau ban ga wadda ta kamo ta ba. Tushenta kyauta ne, tana aiki ba tare da intanet ba, abin da zai yi maka rana idan data ta ƙare a tsakiyar kasuwa. Za ka iya zana harafin da yatsa, za ka iya bi ta kan sashe, wasu ƙarin abubuwan kamar karatu da kyamara da manyan ƙamus sai an saya. Idan ka buɗe harafi tana nuna maka gaɓoɓinsa da sauran haruffan da suke ɗauke da shi, kuma nan ne nake son ka riƙa daɗewa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fi sakewa da Faransanci za su iya ɗora CFDICT, wani ƙamusun Sinanci da Faransanci, a ciki, mai hali kuma ya sayi Grand Ricci, babban ƙamusun Sinanci da Faransanci da aka buga a 2001.

Zane da yatsa yana da sharaɗi. Manhaja ta fi saurin gane ka idan ka bi ƙa'idar zane: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, a kwance kafin a tsaye, a shiga ɗaki kafin a rufe ƙofa. 口 zane uku ne duk da kusurwa huɗu gare shi, 弓 ma uku ne duk da lanƙwashe-lanƙwashensa. Ka ba wannan ƙa'ida mako guda. Kyamara kuwa, irin ta Google Lens, tana da amfani idan kana gaggawa, amma ni ban yarda da ita ga ɗalibi ba. Tana ba ka amsa ba tare da idonka ya shiga cikin harafin ba, gobe ka gan shi kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. Rubutun hannu na mai shago a kan rasit kuma sau da yawa ya kan gagare ta.

Akwai wata 'yar dabara da Sinawa da kansu suke yi. A manhajar rubutu ta Sogou, idan ka danna u sannan ka rubuta sunayen gaɓoɓin, sai ta haɗa maka harafin. Ka ga wuta uku a tare ba ka san sunansu ba, rubuta u sai huo huo huo, 焱 zai fito da furucinsa.

Ita kuma ƙanwarka, Jisho.org ce ƙofarta. Abin da ya sa nake yabonta shi ne neman harafi da gaɓoɓi da yawa a lokaci guda. Ba ruwanta da wane ne kan sashe. Ta danna 門, ta danna 耳, jerin ya tsuke, gaɓoɓin da ba za su yiwu ba su dushe, 聞 ya bayyana. Awata guda ta koma daƙiƙa goma. Bayanan da ke ƙarƙashin Jisho da mafi yawan manhajojin Japananci na kyauta sun fito ne daga aikin Jim Breen na Jami'ar Monash a Ostareliya, wanda ya fara EDICT, ƙamusun Japananci da Turanci na kwamfuta, a 1991, daga baya ya zama JMdict, tare da KANJIDIC na haruffa. Shi ya sa idan ta ga manhaja uku suna ba da fassara iri ɗaya, kada ta ɗauka shaidu uku ne, rijiya ɗaya suke ɗiba. Jisho na buƙatar intanet. Don lokacin da babu, Takoboto a Android ko Shirabe Jisho a iPhone suna yin aikin.

Idan takarda take so, akwai Kodansha Kanji Learner's Dictionary na Jack Halpern, mai tsarin SKIP. Shi ma ya kauce wa rigimar kan sashe. Sura kawai ake dubawa: 1 idan harafin ya rabu hagu da dama, 2 sama da ƙasa, 3 idan wani ya kewaye wani, 4 idan dunƙule yake. Sai a ƙirga zanen kowane ɓangare. 休 ya zama 1-2-4, 明 ya zama 1-4-4, 聞 kuma 3-8-6. Yaro ma zai iya a yini ɗaya.

Don gane gini kuwa, nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin yawancin manhajoji yanka harafi kawai suke yi gunduwa-gunduwa ba su gaya maka aikin kowace gunduwa ba. Ƙamusun Outlier, wanda ake saya a cikin Pleco, shi ne na ga ya fi kula da wannan: zai ce maka wannan gaɓa ma'ana ce, wannan sauti ce, wannan kuma ba komai ba ce, tsohon zane ne da ya lalace a hannun marubuta. Littafin Rick Harbaugh da shafinsa Zhongwen.com suna jera haruffa kamar bishiyar dangi, kowane tushe da 'ya'yansa, yana da daɗin bi, ko da yake ya jingina sosai da bayanan gargajiya. Wiktionary ma kyauta ce, kuma a haruffa da yawa tana faɗin wace gaɓa ce ta sauti tare da hoton tsoffin surori.

Me ya sa na ce bayanan gargajiya da 'yar shakka? Ɗauki 東, gabas. Za a ce maka rana ce 日 ta fito ta bayan bishiya 木. Labari mai daɗi, Shuowen ma haka ya kawo. Amma a 1899 aka gano rubutun daular Shang a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru, waɗanda suka fito daga yankin Anyang, rubutun da ya girmi Xu Shen da fiye da shekara dubu kuma bai taɓa ganinsa ba. A can 東 hoton buhu ne da aka ɗaure bakinsa sama da ƙasa, aka ari sautinsa don a rubuta gabas. Haka 來, zuwa, asalinsa hoton alkama ne. Wannan ya kawo ni ga littafin James Heisig na 1977, Remembering the Kanji, da shafin WaniKani, waɗanda ƙanwarka ba za ta rasa jin labarinsu ba. Suna laƙa wa gaɓoɓi sunayen da suka ga dama su ƙulla labari don hadda. Suna taimakon mutane da yawa, ban hana ta ba. Ta dai sani cewa sunayen nasu ne, idan ta faɗa wa Bajapane zai yi mata kallon mamaki.

Sunayen gaske su ne waɗanda masu harshen suke kira, kuma su nake so ku koya. Kamar yadda a makarantar allo ake cewa ta kuri, lam ara, mim jaye don a bambanta surar baƙi, haka Sinawa suke kiran 氵 sān diǎn shuǐ, ruwa mai ɗigo uku, 扌 tí shǒu páng, alamar ciyawa 艹 cǎo zì tóu. Japanawa su ce sanzui, tehen, kusakanmuri, inda hen ke nufin gaɓar hagu, tsukuri ta dama, kanmuri hular sama, ashi ƙafar ƙasa. Amfaninsu a bakin kasuwa yake. Idan abokin cinikinka ya ce sunansa Zhang, zai iya ƙarawa da gōng cháng Zhāng, wato 张 mai baka da tsawo, don kada ka rubuta 章, wanda ake kira lì zǎo Zhāng. Mai suna Li zai ce mù zǐ Lǐ, bishiya da ɗa, 李. Ranar da ka mayar masa da irin wannan tambaya, za ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai tunda gida ɗaya kuke: kowa ya riƙe ƙamusunsa. Ƙasashen biyu sun sauƙaƙa haruffansu kowa ta hanyarsa, Japan bayan yaƙin duniya na biyu, Sin daga 1956. Wani wuri sun dace, 國 ya zama 国 a duka biyun. Wani wuri sun rabu: 廣 ya zama 广 a Sin, 広 a Japan, 發 ya zama 发 da 発, 氣 ya zama 气 da 気. Tekun nan 海 da muka fara da shi ma zane 10 ne a wurinka, 9 a wurinta, kuma wayar da aka saita da harshe ɗaya ta kan nuna wa mai ɗayan surar da ba tasa ba. Japanawa kuma suna da 'yan haruffan da suka ƙera da kansu, irin su 峠, dutse da sama da ƙasa, wato mashigar tsauni, da 畑, wuta da gona. Ma'ana ma ta kan goce: 手紙 wasiƙa ce a Tokyo, a Beijing takardar bayan gida ce. Nauyin da ke gabanku dai sananne ne. Jerin haruffan yau da kullum na Japan tun 2010 guda 2,136 ne, matakin farko na jerin Sin na 2013 kuma 3,500.

Tunda kaya za ka saro, fara da kwalin da ke gabanka. Za ka ga 生产日期 da 保质期, duka suna ƙarewa da 期. Buɗe shi a Pleco. Wata 月 a dama, wannan karon watan gaske, yana nuna lokaci. 其 qí a hagu yana ba da sauti, harafin kuma qī ne, wa'adi. Danna 其 ka ga danginsa: 旗 qí tuta, 棋 qí dara, 欺 qī cuta, 基 jī tushe. Kira ƙanwarka ta duba nata, za ta tarar 期 da 旗 da 棋 da 基 duk ki ne. Sannan ka lura da abin da ke jawo wa 'yan kasuwa asara: kwanan watan da aka buga a gaban 生产日期 ranar da aka yi kayan ce, mutane kuma su kan ɗauka ranar lalacewarsa ce. 保质期 shi ne tsawon lokacin da zai yi da kyau, kuma sau da yawa adadin watanni ake rubutawa, kamar 12个月 ko 24个月, kai za ka yi lissafin daga ranar farko.